Zaɓen Samarin Hokin Ƙanƙara: Buri da Fargabar Mutanen Montreal

A ƙasar Kanada, inda sanyi kan daskarar da tafki har mutum ya taka bisa kansa, babu wasan da ya kai hokin ƙanƙara shiga ran jama'a. Masu karatu da suka taɓa riƙe sandar hoki a filin makaranta za su gane shi nan da nan. Bambancin kawai, shi wannan bisa daskararren ruwa ake yinsa, 'yan wasa shida shida har da mai tsaron gida, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna sulɓi suna korar wani ɗan faifan roba baƙi zuwa raga. Babbar ƙungiyar wasan ita ce NHL, mai kulob 32 a Kanada da Amurka, abin da kowa ke nema kuwa shi ne Kofin Stanley. Kulob ɗin Canadiens na birnin Montreal ya ci wannan kofi sau 24, ya fi kowa, amma rabonsa da shi tun 1993.

To, abin da muke so mu bayyana yau shi ne yadda kulob ke samun sababbin 'yan wasa. A da, kowane babban kulob yana da ƙananan kulob na yara da yake ɗaukar nauyinsu, duk yaron da ya sa hannu a takarda ya zama nasa ke nan. Sai aka ga masu ƙarfi suna kwashe yara masu kyau tun ba su yi gemu ba. Saboda haka a 1963 aka taru a wani otal a Montreal aka yi zaɓe na farko, kulob shida suka ɗauki yara 21. Yanzu ana yin zagaye bakwai kowace shekara, yaro kuwa sai ya kai shekara 18. Dokar ita ce, wanda ya fi shan kashi a bara shi ya fi kusa da zaɓen farko, don a taimaki na baya ya taso. Tun 1995 aka haɗa da ƙuri'a, domin an yi zargin wasu na faɗuwa da gangan su sami wannan dama. Watau ke nan magoya bayan kulob ɗin da ya lalace ba su da abin dogara sai ranar zaɓe. Duk baƙin cikin wasa 82 sai su ɗora shi a wuyan yaro guda, wanda galibinsu ba su taɓa ganin wasansa ba sai labari.

Mutanen Montreal sun ɗanɗana zaƙin wannan abu a 1971. Manajansu, Sam Pollock, mutum ne mai hangen nesa. Tun shekara guda kafin nan ya yi musaya da kulob ɗin Seals na Kalifoniya, ya karɓe zaɓensu na farko, yana fatan su zo na kashin baya. Da ya ga kulob ɗin Los Angeles na neman riga su faɗawa ƙasa, sai ya tura musu wani gogaggen ɗan wasansa, Ralph Backstrom, ya tallafe su. Dabara ta yi, Seals suka zo na ƙarshe, Montreal ta ɗauki Guy Lafleur, yaron da ya jefa faifai a raga sau 130 a shekara guda a wasan samari na Kwibek. A shekarar nan ce babban gwaninsu Jean Béliveau ya ajiye sanda, don haka jama'a suka ce ga magaji Allah ya kawo.

Amma fa abin bai zo da sauri ba. Shekara uku na farko Lafleur ya ci 29, da 28, da 21, alhali Marcel Dionne, wanda Detroit ta ɗauka a bayansa, yana ta haskawa. Gunaguni ya tashi a gari, ana cewa an yi zaɓen tumun dare. Sai a shekara ta huɗu ya ci 53, ya kuma jera shekara shida ba ya kasa 50, ya ɗauki kofi sau biyar da kulob ɗin. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan dai 'yan kallo sun duba Laraba har shekara uku ba su gane kome ba.

Labarin da ya fi tsaya musu a rai shi ne na 1980, kuma ya kamata mu tsaya a kansa. Montreal ta sāke samun zaɓen farko ta hanyar musaya da Colorado. Yara biyu ne a bakin mutane. Ɗaya Doug Wickenheiser, ƙato daga Regina can yamma, wanda ya ci 89 a shekarar, masu yawon duba samari da yawa kuwa shi suka sa a gaba. Ɗayan Denis Savard, ɗan ƙaramin jiki mai saurin juyi, wanda ya girma a Verdun gefen birnin, yana jin Faransanci, yana kuma wasa a gaban idonsu. Sai mu tuna cewa mafi yawan mutanen Kwibek Faransanci ne harshensu, kuma tun kafa kulob ɗin nan a 1909 suka ɗauke shi tutarsu. Shugabanni suka ɗauki Wickenheiser. Savard ya tafi Chicago a zaɓe na uku.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Kulob ɗin cike yake da manyan 'yan wasa, saboda haka yaron bai sami filin yin wasa sosai ba, shekararsa ta farko ya ci 7 kawai cikin wasa 41. Shi kuwa Savard, tun shekararsa ta biyu ya tara maki 119, idan an haɗa wanda ya ci da wanda ya miƙa aka ci. Duk ranar da Savard ya yi abin kirki a Chicago, sai jaridun Montreal su waiwayo kan Wickenheiser. A ganinmu an zalunci yaron nan. Bai zaɓi kansa ba, bai kuma hana kowa ɗaukar Savard ba, amma shi aka bi da ihu, waɗanda suka yi zaɓen suna zaune a ofis. Malamai sun san abin da kan sami yaron da kullum ake auna shi da wani a gaban 'yan ajinsu. A Disamba 1983 aka yi musayarsa zuwa St. Louis, inda ya sami natsuwa, mutanen can suka ƙaunace shi. Ya rasu a 1999 yana da shekara 37, bayan fama da ciwon daji. Savard kuwa Montreal ba ta haƙura ba sai da ta kawo shi a 1990, amma ta biya da tsada, don ta ba da Chris Chelios, ɗaya daga cikin gwanayen tsaron baya na zamaninsa.

Wani abin mamaki, mai tsaron gidan da ya ɗauko musu kofi biyu na ƙarshe, a 1986 da 1993, watau Patrick Roy, shi ne na 51 a zaɓen 1984. Sunaye 50 aka kira kafin nasa, ba wanda ya buga ganga.

Da wannan tsohon miki mutanen Montreal suka shiga zaɓen 2022. Kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe a 2021, sai kuma ya faɗo na 32 cikin 32, ƙuri'a ta ba shi zaɓen farko, karo na farko tun 1980, taron kuma a cikin nasu ɗakin wasa aka yi shi ran 7 ga Yuli. Shekara da shekaru ana faɗin sunan Shane Wright, ɗan Ontario, cewa shi ne na ɗaya, har wasu 'yan kallo suka zo da riguna masu sunansa. Da manaja Kent Hughes ya hau dandamali, sai ya kira Juraj Slafkovsky, dogon saurayi daga ƙasar Sulobakiya, wanda shi ne na farko daga ƙasarsa da aka taɓa ɗauka a matsayi na ɗaya. Ɗaki ya ruɗe, wasu na tafi, wasu na ihun ƙi. Wright sai a na huɗu Seattle ta ɗauke shi.

Kowane ɓangare yana da hujja. Masu murna suka ce yaron ya ci 7 a wasannin Olimfik na Beijing a farkon shekarar, yana ɗan shekara 17 tsakanin manya, aka ba shi lambar gwanin gasa, ƙasarsa ta zo ta uku. Masu fargaba suka ce gasar mako biyu ba ta isa awo ba, ga shi a kulob ɗinsa na Finland 5 kawai ya ci cikin wasa 31. Shekararsa ta farko a Montreal ta ƙarfafa masu fargaba, don ya ci 4 cikin wasa 39, sa'an nan rauni ya kwantar da shi, sunan Wickenheiser ya dawo bakin dattawa. Wannan karon shugabanni suka toshe kunne, suka bar shi yana wasa tare da manyan 'yan gabansu biyu, Nick Suzuki da Cole Caufield. A shekara ta biyu ya ci 20, ya tara maki 50, yawancinsu a rabin ƙarshe. A Yuli 2024 kulob ɗin ya sa hannu da shi a yarjejeniyar shekara takwas kan dala miliyan 60.8, yana da shekara 20 a lokacin.