Daga Ƙofar Durɓi zuwa kushewar sarakuna: Abin da muka gani a kan keke

Ƙarfe shida da rabi na safiyar wata Asabar cikin hunturu, mu huɗu muka haɗu a Ƙofar Durɓi, kowa da kekensa. Biyu na gwanjo ne masu giya, ɗaya aro ne daga wajen ƙanin abokinmu, nawa kuwa tsohon Phoenix ɗin babanmu ne da ya shekara da shekaru a jingine a zaure, sai da mai gyara ya wuni a kansa kafin ya yarda ya motsa. Wani ɗan acaɓa da ya san mu ya rage gudu ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Samari, abin har ya kai haka?"

Dariya muka yi, amma maganarsa ita ce a bakin kowa. A garin nan idan saurayi ya hau keke, fassara ɗaya ake yi masa: ba shi da kuɗin babur. Ko da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna suka fara dawowa kan titi, da yawanmu a ɓoye muke hawa, kada budurwa ta gani. Mu kuwa ranar da gangan muka fito. Inda muka nufa shi ne Durɓi Takusheyi da ke Ƙaramar Hukumar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, inda aka binne sarakunan farko na ƙasar nan.

Abin kunyar shi ne, dukkanmu haifaffun Katsina ne, dukkanmu mun wuce shekara ashirin, amma babu wanda ya taɓa zuwa. Ɗaya daga cikinmu zai iya lissafo maka unguwannin Dubai daga bidiyon TikTok, amma sai a daren tafiyar ya san cewa Durɓin da ƙofar ke ɗauke da sunansa sarauta ce mai rai har yau.

Hanyar da muke zaton shimfiɗaɗɗiya ce

Duk wanda ya saba bin hanyoyin gabashin Katsina a mota zai rantse maka cewa ƙasar a baje take kamar tabarma. Hau keke ka gani. Tudun da direba ba ya ko sauya giya a kansa, shi ne zai sa cinyarka ta fara zafi, numfashinka ya koma kamar na wanda ya yi dambe. Ga iskar hunturu tana busowa daga gabas, wato a fuska muke karɓar ta. Kafin mu yi awa guda leɓɓanmu sun bushe, gashin idonmu ya yi fari.

Amma a wannan wahalar daɗin yake. Duk tudun da ka hau akwai gangarensa, ka saki feda kawai iska tana kaɗa maka riga. Kuma da yake gudunmu bai wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa ba, sai ga ido yana ganin abin da gilashin mota ke ɓoyewa: karan dawa da gero an tsayar da shi buƙƙa-buƙƙa bayan girbi, rumbuna a bayan gidaje, kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa shi a lokacin yake kore shar. Can gefe ga duwatsu jefi-jefi, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora. Yara suna bin mu da gudu suna ihu, masu amalanke suna ɗaga mana hannu. Kowa ka wuce sai ka yi masa sallama, domin a kan keke babu inda za ka ɓuya.

Ba mu kai rabin hanya ba ƙaya ta huda min tayar baya. A wani ɗan ƙauye muka sami mai faci a gindin darbejiya, dattijo ne, da famfonsa da kwanon ruwansa. Yana neman hujin yana tambayar mu inda muka dosa. Da muka faɗa masa sai ya ɗago kai.

"Wani ɗan siyasa za ku je gaisarwa?"

"A'a Baba, tarihi kawai za mu gani."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To madalla. Amma idan kun isa, kada ku wuce gidan mai gari. Baƙo ba ya shiga gona da ƙafarsa sai an kai shi."

Tambayarsa ta farko ba ta ba mu mamaki ba. Tun 2015 da Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, doguwar tafiya a ƙafa ko a keke ta koma hanyar neman ganin manya. Duk bayan zaɓe sai ka ga wani ya ɗaura hoto a gaban keke ya nufi gidan gwamnati. Ba laifi ba ne, kowa da abin da ya fitar da shi. Amma akwai wata irin tafiyar. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tuƙa keke kusan kilomita 4,000 har zuwa Chadi, yana neman isa Jami'ar Azhar don karatu, kuma daga ƙarshe ya samu gurbin. Tamu tafiyar ko kusa ba ta kama ƙafar tasa ba, amma niyyar iri ɗaya ce: a je a san wani abu.

Tarin ƙasa da ya fi ƙarfin ido

Mun bi shawarar dattijon. Muka yi gaisuwa, muka faɗi ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu, aka haɗa mu da wanda zai raka mu.

Bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kada ka je ka zage ni. Idan abin ɗauka a waya kake nema, ba za ka ga gini mai ƙawa ba. Tuddai ne na ƙasa a tsakanin gonaki, wanda bai sani ba zai iya wucewa bai waiga ba. Abin da ke ƙarƙashinsu da labarin da ke kansu shi ne dukiyar.

Tarihin baka ya ce a nan gidan sarautar farko na Katsina ya zauna, daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya karɓe mulki. Daga zamanin Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, ake lissafa sarakunan Musulunci na birnin da muke ciki yau, kuma da zamaninsa ake danganta Hasumiyar Gobarau da muke wucewa kullum ba mu ɗaga kai. Wato kafin birni ya zama birni, nan ne gida.

A 1907 Baturen mulki H. R. Palmer ya fara tona wasu daga cikin tuddan, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masu bincike daga Jamus tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Najeriya suka sake tona wasu uku. Abin da aka samu ya girgiza masana: kayan ado na zinare, awarwaron hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi, kuɗin wuri wanda asalinsa daga Tekun Indiya yake, da kwanon ƙarfe da masana ke ganin daga Gabas ta Tsakiya ya zo. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Najeriya a 2014.

Ka tsaya ka yi tunani. Shekaru ɗari biyar zuwa bakwai da suka wuce, babu kwalta, babu jirgi, babu intanet, amma mutanen da ke kwance a wannan fili suna cinikayya da duniyar da ta kai har Masar da gaba. Mu da muke da duniya a tafin hannu, kilomita 32 ta gagare mu.

Muna zaune a inuwa muna shan fura, abokinmu mai son Dubai ya yi shiru na tsawon lokaci. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Wallahi da a mota muka zo, minti goma za mu yi mu ce ba komai a wurin." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya yi awa uku yana taka feda ba ya gaggawar juyawa. Gajiya ce ta zaunar da mu, zaman kuma ya sa muka saurara.

Duwatsun da muke hange daga nesa

Wani zai ce, in dai tuddai da duwatsu ake nema, me ya kai ku gabas? Ai kowa ya san ƙasar duwatsu tana kudu da yamma: Kurfi, Dutsin-Ma, Safana, da Ruma ta ƙasar Batsari. Haka ne. Kuma masana irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman sun nuna yadda tsofaffin garuruwan Hausa suka riƙa kafuwa a gindin duwatsu, saboda ruwa da tsaro da ƙasar noma. Dala a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, duk labarin ɗaya ne. Inda dutse yake, a nan tarihi yake.

Amsar kowa ya san ta. Yankin da ya fi kyau ga mai keke shi ne ya fi kusa da Dajin Rugu, shi ne kuma ya fi shan wuyar 'yan bindiga. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba, ba mu manta da watannin 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 ba. Akwai sa'o'inmu da aka haifa a waɗannan ƙauyuka, yau suna zaune a birni, kuma rabonsu da ganin gonar kakansu an yi shekaru. Ana ta maganar sulhu a wasu wurare, muna roƙon Allah ya tabbatar da zaman lafiya. Amma kada wani ya karanta wannan rubutu ya ɗauki keke ya nufi daji don neman mabiya a Facebook. Babu hoton da ya kai ranka.

Sai dai ga abin da ke damuna. Rashin tsaro ya raba mu da rabin taswirarmu da ƙarfi, mu kuma muna neman sakin sauran rabin da kanmu, saboda kasala da jin kunyar hawa keke. Dattawan da suka riƙe labaran nan ba za su dawwama ba. Ranar da suka tafi ba mu tambaye su ba, tuddan Durɓi za su koma tarin ƙasa kawai.

In kana son gwadawa

Ka fara da cikin gari. Safiya ɗaya ta isa ka zaga Gobarau, Ƙofar Soro, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce, sannan ka bi ƙofofi: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Marusa, Durɓi. In ƙafarka ta saba, sai ka fita waje.

Kada ka tafi kai kaɗai, uku zuwa biyar ya fi. Ku faɗa a gida inda za ku da lokacin dawowa. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a daren tafiya da kuma safiyarta, in suka ce a dakata, a dakata. Ku fita bayan sallar asuba, ku tabbatar kun shigo gari kafin magariba. A duba burki da kaca tun jajibiri, a ɗauki famfo da kayan faci, ruwa ya fi lita biyu kowane mutum, da dabino ko gyaɗa, da katin shaida. A hau gefen titi a jere ɗaya bayan ɗaya, domin direbobinmu ba su cika ganin mai keke a matsayin mutum ba. Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, zafin Afrilu ba abin wasa ba ne. Kuma kada ka ɗaga waya a kan fuskar mutum, musamman mata, sai ka nemi izini.

Mun shigo Katsina ana kiran la'asar, iska a bayanmu tana tura mu, kilomita sittin da 'yan kai a cinyoyinmu. Kwana biyu ina sallah da ƙyar. Da na mayar da Phoenix zaure, babanmu ya tambaye ni inda na kai shi. Da na faɗa masa, sai ya ce a kansa ya taɓa zuwa Daura ya sha ruwan Kusugu, tun ba a haife ni ba. Ban taɓa jin wannan labarin ba, domin ban taɓa tambaya ba.

Daura kimanin kilomita 80 ce daga nan, tafiyar kwana biyu ce zuwa da dawowa. Mun sa rana, in Allah ya kai mu. Wanda ke da keke a zaure, ya kai shi wajen mai gyara tun yanzu.