Abin da Wayarka Ke Faɗa Kafin a Buɗe Mata Shafi

Duk wanda ya taɓa hawa tudu a ƙasar Alakoss, cikin gundumar Gure ta jahar Damagaram, yana ɗaga waya sama don neman rezo, ya san darajar kowane shafi da zai buɗe a intanet, domin megan da aka saya da kuɗin gero ba ya dawowa in ya ƙone. Amma abin da galibinmu ba mu lura da shi ba shi ne, tun kafin shafin ya soma sauka, wayar ta riga ta yi magana da yawunmu, ta faɗi ko ita wace ce, kuma sau da yawa bisa ga wannan furuci nata ne ake yanke irin shafin da za a aiko mata, mai nauyi ko marar nauyi.

Ga yadda al'amarin yake. Burauza, watau manhajar da ake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera Mini, duk sa'ad da ta nemi wani abu daga babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin, sai ta haɗa da layi guda na rubutu wanda masu sana'ar ke kira yuza ejent, kamar dai baƙon da ya yi sallama a ƙofar zaure ya faɗi sunansa da garinsu kafin a shimfiɗa masa tabarma. A cikin layin akwai sunan burauzar da lambar zubinta, da tsarin da ke tafiyar da na'urar, ko Android ne ko Windows ko Linux, wani lokaci har da samfurin wayar, a gane Tecno ce ko Itel. An rubuta wannan a ƙa'idar HTTP ta 1996, wadda burauza da babbar kwamfutar ke magana da ita, aka kuma bayyana manufarsa: a yi ƙididdigar masu ziyara, a gano inda kuskure ya fito, a daidaita amsa da ƙarfin mai tambaya.

To, sai dai wannan layi da'awa ce kawai, ba hujja ba, gama babu mai rantsar da burauza, babu kuma mai neman ta kawo shaidu, kuma tarihin abin ya tabbatar da haka tun farkonsa. A 1993 burauzar Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois a Amurka, tana faɗin sunanta tsakani da Allah. A 1994 Netscape ta biyo baya tana kiran kanta Mozilla, kuma da yake ta iya nuna abubuwan da Mosaic ba ta iyawa, masu shafuka suka shiga duba layin nan, in sun ga Mozilla su aika shafi mai kyau, in ba su gani ba su aika na talaka. Da kamfanin Microsoft ya fitar da Internet Explorer a 1995, bai yi haƙurin jiran masu shafuka su san da shi ba, sai ya sa burauzarsa ita ma ta ce Mozilla ce, sa'an nan ta saka sunanta na gaskiya daga ciki. Safari ta Apple ta bi wannan sunna a 2003, Chrome ta Google ta bi a 2008, kowace tana ɗora sunanta a kan na magabata, har ya zama a yau wayar da ke aljihun wani saurayi a kasuwar Gure tana buɗe baki da Mozilla/5.0, ta ambaci AppleWebKit, ta ce tana kama da Gecko, ta faɗi Chrome, ta rufe da Safari. Da malamin hadisi zai duba wannan isnadi, lalle da tadlisi zai kira shi, ko da yake larura ce ta haife shi, domin burauzar da ta tsaya a kan sunanta kaɗai takan tarar an rufe mata ƙofa. Ko Opera, da ta kai zubi na 10 a 2009, dole ta riƙa cewa ita 9.80 ce, saboda wasu shafuka lambar farko kaɗai suke karantawa, su ɗauka zubi na 1 ne.

Tun da yake haka ne, mai na'ura ma yana da ikon sauya layin. Masu aiki da Linux sun daɗe suna yi, wasu don su wuce shafin da ya ƙi karɓarsu, wasu kuwa don a ga sunan tsarinsu a ƙidaya su, kuma ni ina ganin hujjarsu da ƙarfi, domin mai shafi ƙididdiga yake dubawa kafin ya yanke wa zai yi wa gyara, wanda kuma bai bayyana a lissafi ba, ba a tunawa da shi ranar rabo. A Firefox ta kwamfuta ana shiga about:config a ƙirƙiri general.useragent.override a rubuta abin da ake so.

Mai waya ba ya bukatar wannan wahala. A Chrome, in ya taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama ya zaɓi neman shafin kwamfuta, nan take wayarsa za ta daina cewa Android ce, ta ce ita kwamfuta ce mai Linux. Ɗalibin da ke cike takardar neman makaranta a shafin da maɓallin aikawa ya ɓace masa a waya, sau da yawa wannan ne ke fitar da shi. Amma fa ya tuna ya mayar da ita bayan ya gama, domin shafin kwamfuta yakan zo da manyan hotuna da ƙananan haruffa, ya ci mega, ya kuma daɗe yana juyawa a inda rezon Airtel ko Moov ko Zamani sanda ɗaya ne.

Akwai kuma batun sirri, wanda ya fi komai damuna a nan. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta yi wani gwaji mai suna Panopticlick, ta nuna cewa in aka haɗa wannan layi da girman allon na'ura da harshenta da agogonta da irin haruffan da ke cikinta, ana iya ware burauza ɗaya daga cikin dubbai, a riƙa bin sawunta daga shafi zuwa shafi. Saboda haka wanda ya ƙawata layinsa da baƙon suna, ko ya rubuta garinsu a ciki don alfahari, ya sauƙaƙa wa masu bibiya aikinsu, tun da yake yanzu babu mai kama da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Google ta rage bayanin tsakanin 2022 da 2023, har sababbin zubin Chrome suka koma cewa kowace waya Android 10 ce mai samfurin K, kamar yadda Windows 11 ke ci gaba da bayyana a matsayin Windows NT 10.0, shafin da ke son sanin samfurin na haƙiƙa sai ya sake yin wata tambaya dabam.

Kada kuma kowa ya ruɗe ka da cewa sauya layin nan yana ɓoye mutum ko yana ba da intanet kyauta. Adireshin intanet da kamfanin waya ya ba wayarka yana nan yadda yake, kamfanin ya san hasumiyar da ka kama, kuma manhajojin da ake turawa ta WhatsApp da sunan wannan aiki, waɗanda ba a san mai su ba, wasunsu suna neman izinin karanta duk shafin da ka buɗe, har da wanda kake shigar da lambar sirrinka ta kuɗi.