Lambar 4 294 967 297: siffofinta da ajin da take ciki

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba lamba guda, wato 4 294 967 297, wadda ta ɗara miliyar huɗu. Daidai take da 2³² + 1. Lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta, wadda ake kira « nombre premier » da Faransanci, za mu kira ta lambar asali. Wadda ke da wasu masu raba ta kuwa, haɗaɗɗiya.

2. Hasashen Fermat

A shekarar 1640 Pierre de Fermat ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65 537 duka lambobin asali ne. Su ne 2¹ + 1, 2² + 1, 2⁴ + 1, 2⁸ + 1 da 2¹⁶ + 1. Sai ya yi hasashen cewa haka jerin zai ci gaba har abada. Lambarmu ita ce ta shida a jerin, ana rubuta ta F₅ domin ƙirgar daga F₀ take farawa.

A 1732 Leonhard Euler ya rushe hasashen: F₅ = 641 × 6 700 417.

3. Hujja

Muna iya rubuta 641 ta hanya biyu: 5 × 2⁷ + 1, da kuma 5⁴ + 2⁴. Ta farko ta ba mu 5 × 2⁷ ≡ −1 (mod 641). Idan muka riɓanya kowane ɓangare da kansa har sau huɗu, sai 5⁴ × 2²⁸ ≡ 1. Ta biyu ta ce 5⁴ ≡ −2⁴. Ke nan −2³² ≡ 1, ma'ana 641 tana raba 2³² + 1 ba saura.

4. Ajinta

F₅ mara ce, 2 ba ta raba ta. Haɗaɗɗiya ce mai tushe biyu kacal, domin 641 da 6 700 417 duka na asali ne. Gajiyayya ce kuma: jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, 6 701 059 ce, ƙasa da ita nesa.

Abin lura shi ne, tana tsallake gwajin Fermat da tushe 2: idan N = F₅, to 2ᴺ⁻¹ ≡ 1 (mod N), kamar yadda lambar asali ke yi. Wanda ya dogara da wannan gwaji kaɗai zai saka ta a ajin da ba nata ba.

A fannin zane, bisa ƙa'idar Gauss da Wantzel (1837), ba a iya zana siffa mai gefuna F₅ daidaitattu da sandar ja-layi da kwampa kaɗai. Amma ana iya yi da maƙwabciyarta 4 294 967 295, wadda take 3 × 5 × 17 × 257 × 65 537.

5. Kammalawa

An tabbatar cewa daga F₅ zuwa F₃₂ duka haɗaɗɗu ne, kuma ba a sami wata ta asali ba bayan 65 537. Muna ba malamai shawarar su gabatar wa ɗalibai wannan misali tun shekarar farko: misalai biyar a jere ba su zama hujja ba, ko da a hannun Fermat.