Tudu da Kwari a Kan Tebur: Da Me Ake Ƙera Filin Dagar Wasan Yaƙi?

A farkon ƙarni na 19, wani mutumin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautun da daga baya suka haɗu suka zama Jamus, ya ƙirƙiro wasan koyon dabarun yaƙi. Sunansa Reisswitz. Da jiƙaƙƙen yashi ya fara: ya baza shi a tebur, ya tara shi nan ya zama tudu, ya kwarfe shi can ya zama kwari. Da aka ce Sarki Friedrich Wilhelm na Uku yana son gani, sai ya ga bai dace ya shiga fada da yashi ba. A 1812 ya kai wa sarkin akwatin katako mai aljihuna, cike da ƙananan fale-fale masu tauri, kowanne da siffar tudu ko kogi ko ƙauye a kansa, ana jera su yadda ake so. Yashi ya fi daɗin sarrafawa, amma ba ya ɗaukuwa, ba ya ajiyuwa. Masu wannan wasa har yau suna fama da irin matsalar da ta sa ya bar shi.

Wasan ya daɗe da fita daga barikin soja ya zama abin sha'awa. Marubucin Ingila H.G. Wells ya fitar da littafin dokokinsa, Little Wars, a 1913. Shi da katako ya yi tuddansa, allo kan allo, ya huda ramuka ya soka rassan itace a matsayin daji. Yanzu kamfanin Games Workshop da ke Nottingham ne ya fi suna, da wasansa Warhammer na 1983 da Warhammer 40,000 na 1987. Wasu kuma sun fi son sake buga yaƙoƙin tarihi, irin su Waterloo na 1815 ko saukar Normandy ta 1944. Ana jera 'yan mutum-mutumin sojoji masu tsawon kamar milimita 28 a tebur, wanda bisa al'ada ƙafa shida ne da huɗu, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayoyi irin na ludo don sanin wanda harbinsa ya samu. Tudu da kango da ganuwa suna da aiki a dokar wasan, domin su ke tsare ido, su ke ba soja mafaka. Shi ya sa hannu ba ya rabuwa da su.

A nan ne nake ganin sababbin shiga ke ɓata kuɗi da lokaci. Suna zaɓen kayan aiki kamar masu shirya abin da za a sa a gilashi a yi ta kallo, alhali tudun wasa za a ɗaga shi, a cusa shi a kwali, a kai shi gidan aboki, a jefa ƙwaya ta buge shi. Saboda haka ba a tsammanin abu ɗaya ya yi dukkan aikin. Ciki yana son mara nauyi, baya yana son mai tauri, ƙananan zane kuma suna son mai riƙe kaifin layi.

Cikin tudu kusan kullum soson polistirin ne, kuma iri biyu ne. Akwai farin nan mai ƙwayoyi da ake tokare firiji ko talabijin da shi a cikin kwali. Kyauta ne, kusan dukkansa iska ce, amma da wuƙa ta taɓa shi sai ya yi ta zubar da ƙwayoyi, kuma ko an yi fenti siffarsu tana nan tana leƙowa. Ya isa cika cikin babban dutse, nan aikinsa ya tsaya. Na biyun shi ne wanda magina a ƙasashen sanyi ke sawa a bango don tsare ɗumi, yawanci shuɗi ko ruwan hoda. Jikinsa a dunƙule yake, ba ƙwayoyi. Ana yanka shi da kaifafar wuƙa ko zazzafar waya, a zana layin bulo da bakin biro, a danna masa dunƙulen takardar alminiyum ya fito da fuskar dutse. Idan mutum zai sayi abu ɗaya tak, wannan zan ce ya saya.

Sai dai yana da babban abokin gaba. Sinadarin da ke cikin fentin gwangwani na fesawa yana narkar da polistirin, haka ma supa gulu da gam masu ƙarfin wari. Aikin mako guda yana iya lotsawa cikin minti ɗaya. Maganin shi ne a fara shafe shi tas da farin gam na kafintoci ko fentin ruwa, a bari ya bushe, a ƙara shafawa, kada a bar ko 'yar kafa.

Fatar da za a lulluɓe soson da ita ce ta fi buƙatar tunani. Masu aikin silin a Najeriya sun san garin POP, kuma shi ɗin ne masu wannan wasa ke zubawa a mazubin roba su fitar da duwatsu. Asalinsa dutsen jibsam ne da aka gasa har yawancin ruwan jikinsa ya fita. Idan aka mayar masa da ruwa sai ya koma dutse, yana ɗan kumbura yayin da yake daskarewa, kuma wannan kumburin ne ke tura shi cikin kowane lungu na mazubi har zane ya fito sarai. Aibinsa nauyi da saurin ɓarewa: gefe ya gutsure, farin ciki ya bayyana a tsakiyar baƙin dutse. Masu wayo suna zuba fenti tun a kwaɓi don ko ya ɓare kada ya nuna, wasu kuma su koma garin da masu haɗa haƙori ke amfani da shi, wanda ya fi tauri sosai. Ga shimfiɗar ƙasa kuwa, na fi yarda da haɗin POP da niƙaƙƙiyar takarda, wanda ake sayarwa da sunan Sculptamold, kuma mutum yana iya haɗa irinsa a gida. Zaren takardar yana riƙe shi kamar yadda ciyawa ke riƙe ƙasar gini, ga shi ba nauyi.

Yumɓun da ke bushewa da iska, irin DAS, yana da arha da daɗin taɓawa, amma yana tsukewa idan ruwansa ya fita. Soson da ke ƙarƙashinsa ba ya tsukewa, don haka sai ya tsage ko ya ɓamɓare, sai fa in an shimfiɗa shi siriri a kan gam. Yumɓun roba irin Fimo sai an gasa shi a zafin digiri 110, zafin da soso ba zai jure ba, don haka daban ake ƙera shi a manna daga baya.

Mafi tsada su ne irin yumɓun nan masu haɗi biyu, waɗanda sai an cuɗa su suke fara tauri. Milliput, wanda ake yi a Wales, yana laushi da ruwa lokacin aiki, in ya daskare kuma ana iya goge shi da sanfefa ko a huda shi. Kneadatite zare biyu ne, shuɗi da rawaya, da ake murzawa har su zama kore, kuma ko ya daskare yana ɗan lanƙwasa, abin da ya sa ya dace da igiya, saiwar itace ko tuta. Waɗannan na ƙofa ne da taga da cike tsaga. Wanda ya ce zai gina tudu da su ya yi asara.

Gindin da ake ɗora tudun a kai ma yana ba da wahala. Farin gam yana tsukewa in zai bushe, in gindin na kwali ne sai ya ja shi ya lanƙwashe, tudun ya riƙa rawa a tebur. Siririn katakon MDF ya fi, musamman in an shafe fuskokinsa biyu.

Batun lafiya ba na wasa ba ne, tunda yara da yawa na wannan sha'awa. Hayaƙin yankan soso da zazzafar waya yana son buɗaɗɗen wuri. Ƙurar MDF tana son takunkumi. Masu haɗi biyu suna iya jawo ƙaiƙayin fata ga mai yawan taɓa su. POP kuma yana fitar da zafi yayin daskarewa, kuma idan yana da yawa zafin ya isa ƙona hannun da aka nutsa a ciki, ga shi ya riga ya kama hannun. Kada a bar yaro ya gwada.

Kafin a shafa komai, a ɗauko soja ɗaya, mafi nauyin kai, a ɗora shi a gangaren tun yana soso tsirara. In ya faɗi, a rage gangaren ko a yanka shi hawa-hawa yadda Wells ya yi da allunansa. Gyaran soso minti biyu ne da wuƙa, amma bayan an sa POP da yashi da fenti, sai dai a fasa a sake.