Dakwara, 'Yar'uwar Wake Mai Fid Da Ƙaro

Duk matafiyin da ya bi hanyar Damaturu ya ratsa Dapchi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, ya nufi Gashuwa, ba zai rasa ganin wata gajeruwar itaciya mai ƙayoyi uku-uku ba, wadda kan yi farin fure da damina. Ita ce dakwara. Masana tsirrai sun ce danginsu ɗaya da wake da gyaɗa da gawo, kuma shaida tana ga kwanson 'ya'yanta. Kamar sauran danginta, saiwarta takan ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga kuma riƙe rairayi, abin da ba ƙaramin amfani ba ne a yankin da hamada ke matsowa.

Amma arzikinta na ainihi shi ne ƙaro. Bayan kaka, idan ganye ya fara zuba, hunturu ya kunno kai, sai manomi ya ɗan ɓare ɓawon reshe ba tare da ya ji wa itacen ciwo mai zurfi ba. Bayan kamar mako huɗu zuwa shida sai ya koma ya tarar ƙaro ya tsattsafo ya daskare, ya tsince shi. Na dakwara shi ne lamba ɗaya a kasuwa, na dushe ke bi masa. Mu nan mun fi saninsa a tawadar almajirai, alhali kuwa a Turai da Amurka da shi ake haɗa lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani. Saboda haka ne Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya take da reshen nazarin ƙaro a Gashuwa.

Sudan ce ta fi kowace ƙasa fid da ƙaro, to da yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilun 2023, sai masu saye suka ƙara waiwayar Chadi da Nijeriya. Abin takaici, a dajin nan masu saran itacen girki ba su cika bambanta dakwara da sauran ƙayoyi ba. Damin itace kuɗinsa na yini guda ne, ita kuwa wadda aka dasa a madadinta sai ta shekara huɗu ko biyar kafin a ɗebi ƙaronta na farko.