Shara da Hunturu a Unguwar Shehuri

Duk wanda ya ratsa Dandal da sanyin safiya a watan Disamba, sa'ad da hazo ya lulluɓe fadar Shehun Borno, iska kuma tana kakkaɓo ganyen darbejiya tana cusa shi cikin lunguna, ba zai rasa jin wani ƙauri ba, wanda ba na itacen girki ba ne, ba kuwa na turaren wutar da aka san matan Borno da shi ba, illa dai na leda da tsumma da roba waɗanda aka cinna wa wuta a bakin kwata domin jin ɗumi. Lokacin nan shi ne na hutun makarantu da ɗaurin aure da walima, 'yan'uwanmu Kirista na Kirsimeti, 'yan ci-rani sun iso, ga shi kuma azumi yana matsowa cikin hunturu da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Saboda haka abin da gida ɗaya yake fitarwa a mako ya kan zarce na sauran watanni.

Alal haƙiƙa, shara ba baƙuwa ba ce a Yerwa, wato Maiduguri, tun da Shehu Abubakar Garbai ya kafa ta a 1907. Abin da ya sake shi ne jinsinta. Sharar kakanninmu toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da fasasshiyar ƙwarya, waɗanda ƙasa ke cinyewa ta mayar da su albarka, har a ƙasar Kano manoma kan biya kuɗi a yi musu jigilar juji a kan jakuna da rani, a zuba a gona kafin saukar damina. Amma ledar ruwan sha da kwalbar roba da ƙunzugun jarirai na zamani, ƙasa ba ta cin su, akuya idan ta haɗiye su sai su ƙulle mata tumbi, wuta kuwa ba ta halaka su face ta mayar da su hayaƙin da ke shiga ƙirjin tsoho da jinjiri, a watannin da tari da asma suka fi tsanani. Ga kuma hatsarin gobara, wadda mutanen da suka ga abin da ya sami Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 ba su bukatar a bayyana musu.

Abin da ya fi damuna shi ne kwata. Da hunturu ta bushe, sai a ɗauke ta tamkar rami na kowa, a share tsakar gida tas, a tura dattin ciki, a manta. Ban ce shara ce ta fasa madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024 ba, domin faɗin haka zalunci ne. Amma ruwan da ya malalo daga kogin Ngadda ya shiga Gwange da Shehuri har cikin fada, da ya zo komawa, magudanun da muka cike da hannunmu ne suka riƙe shi, kwalara kuma ta biyo baya.

Fuƙaha'unmu ba su bar wannan mas'ala ba. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana salla a kan juji da mahauta da tsakiyar hanya, ya kuma san kawar da abin cutarwa daga tafarki reshe ne na imani. To, yaya unguwar da ke maƙwabtaka da fada da babban masallaci, a ƙasar da ake yi wa kirari da gidan Alƙur'ani, za ta tsarkake tufa da jiki, ta bar ƙofar gida ga najasa?

Hukumar kare muhalli ta jiha, BOSEPA, tana da motoci da ma'aikata, sai dai mota ba ta shiga kowane lungu. Masu shiga su ne 'yan gwangwani da buhunansu, waɗanda ake kallo a wulaƙance, alhali daga abin da suke tsinta ake narka tukwanen dalma, a ƙera butoci da bokitai. Gaskiya ne gwamnati ta hana tsintar ƙarafa a 2023, bayan asarar rayuka a daji da satar kayan jama'a, kuma tana da hujja. Amma gyara ya fi dacewa, wato bulama ya san su, a yi musu rajista, su karɓi kaya daga hannun masu gida.

Ina roƙon limamai su sanya wannan a huɗuba kafin sanyi ya wuce, lawanai da bulamomi su sa ranar yasar kwata tun tana bushe, uwar gida kuma ta ajiye buhu biyu a zaure, ɗaya na roba da gwangwani, ɗaya na toka da ɓawo, kada a bar yaro ya ji ɗumi da leda. Allah ya ba mu ikon yi.