Albashi Mafi Ƙaranci da Talaucin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin gona na damina ba. A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan togaciya ta kwashe kusan kowa. Masu albashin 'yan tsiraru ne: malaman firamare, ma'aikatan asibiti da na sakatariya. Sauran jama'a manoman masara da dawa da auduga ne, da 'yan ƙwadago, da masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara.

Ba a ce ƙarin banza ba ne. Albashin malami ɗaya kan ciyar da gida guda, ya biya bashin mai shago. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabi, ƙarin ya iso a makare.

Alƙaluman rashin aikin yi ma suna iya ruɗar mai karatu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni a 2023, sai ya koma kashi 4.1, domin duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an ƙidaya shi mai aiki. Saurayin da ya yi sharar gona da hantsi, ya samu kuɗin da bai kai na tiyar masara ba, a takarda ba ya zaman banza.

Haka bunƙasar arziki take. Tana iya fitowa daga mai da bankuna da kamfanonin waya, ba ta leƙa Sabuwa ba. Arzikin nan yankin gona ce da kasuwa, su kuwa 'yan bindiga suka tare. Manomi ya bar gonarsa ta daji, ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa. A 2021 gwamnatin jiha a ƙarƙashin Gwamna Masari ta rufe kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya don murƙushe ɓarayin, ciniki ya ƙara durƙushewa.

A waɗannan ƙananan hukumomi uku, hanyar gona mai aminci ta fi kowane ƙarin albashi rage talauci.